Filin jami'a ko gidan Al-Nassr? Amsa ga wani ɗalibi a Riyad

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne daga Zariya, watana bakwai a Jami'ar Sarki Sa'ud da ke Riyad. Akwai wani katafaren filin ƙwallo a harabar makarantarmu da ya ɗaure mini kai. A taswirar waya an rubuta filin jami'a. Mai tasi ya ce mini Awwal Park. Abokin ɗakina da ya riga ni zuwa yana ce masa Mrsool. Wani dattijo mai goyon bayan Al-Hilal kuma ya kira shi da wani suna dabam. Ranar da Al-Nassr ke wasa hanya ba ta biyuwa, mu ɗalibai kuma sai mun sayi tikiti kamar kowa. Shin da can filin ɗalibai ne aka sayar? In haka ne, yaushe, kuma me ya jawo? An ce mini kula da filayen wasa ne aikinka."

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa ka gama lafiya, ya ba da ilimi mai amfani.

In na fahimce ka daidai, abu biyu ka ƙulla a tambaya ɗaya. Akwai maganar mallaka, wato filin na wane ne a yau. Akwai kuma maganar tarihi, wato yadda aka yi wurin da aka gina da sunan makaranta ya koma dandalin ƙwararrun 'yan ƙwallo, har ɗalibin da ke kwana a harabar sai ya sa hannu a aljihu kafin ya leƙa. Ta farkon ba ta da tsawo: ba a sayar ba. Ƙasar ta jami'a ce, ginin na jami'a ne, haya aka bayar. Ta biyun ce mai doguwar jela, ita za mu zauna a kai.

Kafin nan bari ka san da wa kake magana. Shekarata goma sha tara a garin nan ina cin abinci da ciyawa. Da jan tiyo na fara, na koma tuƙa injin yanka, yau ni ke rarraba wa yara aiki a filaye uku. Wannan fili naku ban taɓa riƙe shi ba, da tikiti nake shiga kamar kai. Don haka maganata kashi biyu ce: tarihin da ya faru a idon jama'a, da abin da sana'a ta koya mini game da kowane fili mai irin wannan girma. Inda ka ji na ce "a ganina", to ganin mai ciyawa ne, ba fatawa ba.

Jami'ar ta girmi filin nesa ba kusa ba

A 1957 aka kafa jami'arku, ita ce ta farko a masarautar, da ɗalibai 21 ta fara. A 1967 aka sauya mata suna ta koma Jami'ar Riyad, a 1982 aka mayar mata da sunan Sarki Sa'ud. Cikin shekarun 1980 ta baro tsakiyar gari ta tare a wannan makekiyar haraba ta wajen Diriyya. Filin da kake tambaya kuwa sai a 2015 aka buɗe shi, da kujeru kimanin 25,000. Ka ga makarantar ta yi shekara 58 da kafuwa kafin ta mallake shi. Ba wani tsohon fili ba ne da kakanni suka yi gumi a kansa, jiya-jiya aka yi shi.

Ga abin da ya kamata ka riƙe. Al-Hilal ma a 1957 aka kafa ta, sa'ar jami'arku ce. Al-Nassr ta girme su da shekara biyu, 1955. Al-Shabab 1947. Can Jidda kuwa Al-Ittihad tun 1927 take. Wato kafin jami'ar ta yaye ɗalibinta na farko, mutanen garin nan sun riga sun raba zukatansu tsakanin ƙungiyoyi. A nan yaro gadon kulob yake yi wurin ubansa ko kawunsa, yadda ake gadon gona. Ba wanda ke gadon ƙungiyar jami'a. Kai ma ka san wannan daga gida. Tun 1966 ake gasar wasannin jami'o'in Najeriya, amma yaushe ka ga ɗan kasuwar Sabon Gari ya rufe shago don ɗaliban Samaru za su buga da na wata makaranta? In Pillars ce ta zo, ko ana nuna wasan Ingila a gidan kallo, wannan wata magana ce.

To an gina wa ɗalibai kujeru dubu ashirin da biyar a garin da wasan ɗalibai ba ya tara jama'a. Daga 2015 zuwa ƙarshen 2017 filin na nan sabo fil, amma babu babbar ƙungiyar da ke kiran sa gida. Riga ce aka ɗinka, wuyan da zai sa ta ba ya cikin makarantar.

Abin da Al-Hilal ta hango

A wancan lokaci manyan wasannin Riyad a wuri biyu ake yin su, kuma duka na hukumar wasanni ne, ba na ƙungiyoyi ba, kamar dai yadda filin Sani Abacha na Ƙofar Mata yake na gwamnatin Kano. Akwai na Yarima Faisal bin Fahad a Malaz, wanda ke nan tun farkon shekarun 1970. Akwai kuma na Sarki Fahad mai rufin tantuna, wanda aka buɗe a 1987, mai cin mutum fiye da dubu sittin. Wannan na biyun dattawanmu ba sa mantawa da shi, domin a can matasan Najeriya suka buga wasan ƙarshe na kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara ashirin a 1989, Fotugal ta ci su biyu da nema, kwanaki kaɗan bayan abin mamakin Dammam, inda Tarayyar Sobiyet ta zura musu huɗu suka farke duka huɗun, suka fitar da ita a bugun fanareti. Har yau in an zauna shan shayi a unguwar Baɗha wani zai tayar da zancen.

Filin Sarki Fahad kyakkyawa ne, amma an yi shi da titin tsere zagaye da ciyawa, kuma girmansa ya fi ƙarfin wasan mako-mako. Mutum dubu goma sha biyar a can kamar an watsa gero a tsakar gida ne. Ihu ya tashi, kafin ya ƙetare titin tseren ya isa kunnen ɗan wasa ya huce. Ka kwashe mutanen nan ka zuba su a filin jami'a, sun cika fiye da rabi, babu titin tsere a tsakani, ɗan kallo na ganin gumin mai tsaron gida. Wannan shi ne dukiyar filinku, ba kwalliyar bangonsa ba.

A farkon 2018 Al-Hilal ta tare a ciki. A watan Janairun shekarar ne kuma aka fara barin mata shiga filayen ƙwallo a ƙasar nan, farko a Jidda, don haka tarewar ta zo daidai lokacin da kallon ƙwallo ke komawa fitar iyali. Sunan da dattijon nan ya gaya maka, na tabbata "Muhiɗur Ru'ub" ne. Magoya bayan Al-Hilal suka laƙaba masa, abin da suke nufi shi ne wurin firgici, inda baƙo ke shiga gwiwarsa ta yi sanyi.

Na ga hakan da idona ranar 9 ga Nuwamba, 2019, zagayen farko na wasan ƙarshe na kofin zakarun Asiya, Al-Hilal da Urawa ta Japan. Wani abokin aikina ɗan Sudan, Bahaushe ne daga wajen Mai Wurno, shi ya samo mana tikiti. Ko a Omdurman Hilal yake yi, ya zo nan ya tarar da mai sunanta ya ɗora. Tun kafin a take wasa kujerar da nake kai ke rawa. Da André Carrillo ya jefa ƙwallo a raga bayan an dawo hutun rabin lokaci, mutumin nan ya rungume ni yana magana, ina ganin bakinsa na motsi amma ban ji ko kalma ɗaya ba. Ɗaya da nema aka tashi, suka je Japan suka ƙara biyu, suka ɗauko kofi. Kwana shida bayan wannan dare Messi ya ci wa Ajantina ƙwallo ɗaya tilo a ragar Brazil a kan wannan ciyawa. A Disamba kuma Lazio ta lallasa Juventus uku da ɗaya a kofin Super na Italiya, Ronaldo na cikin waɗanda aka cinye. Wa ya san bayan shekara uku nan zai zama gidansa?

Tunda daga gida kake, na san za ka tambayi Ahmed Musa. Ya zo Al-Nassr a Agustan 2018, suka ɗauki kofin lig na kakar 2018 zuwa 2019 da tazarar maki ɗaya tak a kan Al-Hilal, ya bar ƙungiyar a Oktoban 2020. Duk zamansa filin jami'a gidan abokan hamayya ne. Yana fita ta ƙofa, ƙungiyarsa na shigowa da kayanta.

Suna huɗu, gida ɗaya

A 2020 yarjejeniyar farko ta ƙare, jami'a ta sake fitar da filin kasuwa. Wani kamfanin talla da harkar watsa labarai, Al-Wasa'il, ya karɓi ragamar gudanar da shi na shekara goma, shi kuma ya ƙulla da Al-Nassr. 'Yan Hilal sun ji zafin abin, kuma ban ga laifinsu ba: su suka raya wurin, suka yi masa suna, aka wayi gari an shafe shi da ruwan ɗorawa. Sai suka koma Malaz da filin Sarki Fahad, har zuwa farkon 2024 da suka samu Kingdom Arena.

Yanzu ka dubi abin kamar gidan haya a Sabon Gari. Akwai mai gida, ita ce jami'a. Akwai wanda ya karɓi gidan gaba ɗaya yana biyan ta, shi ke gyara, shi ke neman masu shiga, shi ne kamfanin. Akwai ɗan hayan da ke kwana a ciki, Al-Nassr. Sai na huɗu wanda ba mu saba da shi a gida ba: mai biyan kuɗi don a rubuta sunansa a ƙofa. A ƙarshen 2020 manhajar Mrsool ta sayi wannan dama, wadda ake aikenta ta kawo abinci ko saƙo, kalmar ma ɗan aike take nufi. Da wannan suna duniya ta san filin ranar 3 ga Janairu, 2023, da aka gabatar da Ronaldo wuri ya cika ba masaka tsinke, alhali ko wasa ba a yi ba. A 2023 ɗin dai bankin SAB, wanda ake kira Al-Awwal, ya karɓi sunan. Saboda haka mai tasi bai yi ƙarya ba, abokin ɗakinka agogonsa ne ya tsaya a farkon 2023, dattijo yana kewar zamaninsa, taswirar waya kuma ta faɗi mai gida. In kana son shaida, duba takardun neman karɓar baƙuncin kofin duniya na 2034: da sunan Jami'ar Sarki Sa'ud aka rubuta filin, domin FIFA ba ta yarda da sunan talla a filayen gasarta.

Ciyawa ba ta san hutun zango ba

Nan ne fagena, ka yi haƙuri in na tsawaita. Yawancin masu cewa "me ya sa ba a bar wa ɗalibai abinsu ba" suna zaton fili kamar ɗakin lacca ne, in ba kowa sai a kashe fitila a ja ƙofa. Ciyawa rai gare ta. Ko an yi wasa ko ba a yi ba sai ta sha, sai ta ci, sai an yi mata aski.

Filin ƙwallo na ƙa'ida mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi, wato murabba'in mita 7,140, ban da gefe-gefe. A tsakiyar zafin Yuli da Agusta, lokacin da ma'auni ke haura 43, a filayen da nake riƙewa mukan ba da ruwan da ya kai milimita goma a rana. Yi lissafi da kanka: sama da lita dubu saba'in kullum, a garin da ba shi da kogi, wanda kaso mai yawa na ruwan shansa daga teku ake tace shi a Jubail a turo ta bututu fiye da kilomita 400. Shi ya sa filaye da yawa ke amfani da ruwan da aka sake tacewa ko na rijiyar burtsatse, su kuma suna zuwa da gishiri. Gishirin na taruwa a saiwa, sai ka ƙara wani ruwan don ka wanke shi ya gangara ƙasa. Da asuba muke ban ruwa. Wanda ya yi da rana tsaka, rabi iska ya shayar.

Irin da ya fi jure zafin nan shi ne wanda Turawa ke kira bamuda, dangin ƙiri-ƙirin nan ne da manomi ke tsine wa a fadama. Abin da muke nomewa a gida shi ake lallaɓawa a nan kamar jariri. Matsalarsa sanyi. Da hunturu ya shigo, dare ya yi sanyi, sai ya yi barci ya koma ruwan ƙasa, alhali a lokacin ne kakar wasa ke tsakiyarta kuma kyamara na son kore shar. Dole wajen Oktoba zuwa Nuwamba mu sassabe shi ƙasa-ƙasa mu watsa irin wata ciyawar ƙasashen sanyi a kansa. Ita ke riƙe filin har bazara, zafi ya kashe ta, ƙiri-ƙiri ya farka. Shuka biyu ke nan a shekara a gona ɗaya, kuma kowace canji akwai makonnin da ba a son ƙafa ta taka. Ga yanka, wanda a lokacin girma kusan kullum ne, a tsayin da bai wuce faɗin yatsa ɗaya da rabi ba. Ga taki, ga huda ƙasa don ta sha iska, ga yashi da ake barbaɗawa. Layukan nan masu haske da duhu da kake gani a talabijin ba fenti ba ne, injin ne ke kwantar da ganyen gaba a wani layi, baya a wani.

Bayan duk wannan wahala, sa'o'i ƙalilan ciyawar za ta iya ɗauka a mako. Wannan shi ne abin da ke da wuyar haɗiya. Filin da aka gyara don wasan ƙwararru ba ya jure ɗalibai ɗari biyu kowace yamma. Cikin wata ɗaya bakin raga zai koma kamar filin idi.

Bari in ba ka labarin da ya sa na daina gardama a kan wannan. Shekarun baya na riƙe filin wata kwaleji, ba zan faɗi sunanta ba. Aka zo bikin yaye ɗalibai a watan Mayu, aka ce a kan ciyawa za a yi. Na roƙa a taƙaita, aka ce kwana biyu ne. Aka shimfiɗa faranten roba, aka kafa dandamali, kwana biyu ya zama shida. Ranar da muka ɗaga faranten, wani wari ya bugo ni kamar na dusar da ta jiƙe ta kwana. Ciyawar ta koma rawaya, ta kwanta, in ka ja da yatsa sai ta biyo ka ba saiwa. Inda ƙafafun dandamali suka zauna kuwa ramuka ne reras, kana iya ƙirga su. Da la'asar ina durƙushe ina cusa yashi a ramukan, sai ga samari wajen goma sha biyar da ƙwallo a hammata. Na ce musu a rufe yake sai bayan mako uku. Ɗayansu, wani siriri mai tabarau, ya dube ni ya ce, "Ya ammi, mal'abna." Wato baba, filinmu ne fa. Gaskiya ya faɗa. Ni ma gaskiyata na faɗa. Suka juya suka tafi wurin ajiye motoci suka jera takalma suka yi raga.

Filinku ma ya sha irin wannan shimfiɗa, sai dai shi da kuɗi a kai. A Nuwamban 2018 aka yi wasan kokawar Amurka na WWE a cikinsa, aka sake yi a Nuwamban 2022. Bambancin shi ne wanda ya karɓi kuɗin taron yana da abin da zai sa a farfaɗo da ciyawar, ko a naɗe ta kamar tabarma a shimfiɗa sabuwa. Kwalejin da na riƙe ba ta da wannan, sai gumina.

To ka sa kanka a kujerar shugabannin makaranta. Za ka iya riƙe filin don ɗalibai kaɗai, kana zuba kuɗin ruwa da lantarki da ma'aikata duk shekara don taron da bai cika kusurwa ɗaya ba. Za ka iya cire ciyawar ka shimfiɗa ta roba, wadda ke jure taku dare da rana, amma a ranar Riyad tana ɗaukar zafin da ke ratsa takalmi, bayan wasu shekaru sai an sauya ta, kuma manyan ƙungiyoyi ba sa son ta, ka ga ka rufe wa kanka ƙofar haya. Ko kuma ka ba da shi ga mai iya cika shi, kuɗi na shigowa maimakon fita, ɗalibai ka yi musu ƙananan filaye. Ka tuna kuma da zamanin: an buɗe filin ne farashin mai na faɗuwa, har ya sauko ƙasa da dala talatin a farkon 2016, a Afrilun shekarar aka ƙaddamar da shirin gwamnati na 2030 na rage dogaro da mai, ana ta kiran hukumomi su nemi na kansu. Jami'arku dama ta san wannan hanya, dogayen benayen waƙafinta da kake wucewa haya suke tara mata. A ganina zaɓin da aka yi shi ne mai hankali. Inda nake da ja shi ne tun farko: da ni aka tambaya, da kuɗin kujeru dubu ashirin da biyar ƙananan filaye goma zan ce a yi, masu fitila, a bar su a buɗe har tsakar dare. Amma da an bi tawa, da ba ka ga Real Madrid ta ci Barcelona huɗu da ɗaya a bayan ɗakin kwananka ba, kamar yadda aka yi a Janairun 2024. Wani zai ce wannan ma riba ce, ba zan hana shi ba.

Yadda irin wannan labari ya ƙare a wani gari

In kana son ganin tsohon filin jami'a na gaske, sai ka leƙa Amurka, inda abin yake a juye. Can wasan ɗalibai ne ke tara jama'a, filin Jami'ar Michigan kaɗai na cin mutum fiye da dubu ɗari. A birnin New Orleans, Jami'ar Tulane ta buɗe filinta a 1926 don irin ƙwallonsu da ake runguma a hannu. Daga 1935 aka fara gasar Sugar Bowl a cikinsa duk sabuwar shekara, aka yi ta ƙara masa kujeru har ya haura dubu tamanin. A 1967 ƙungiyar ƙwararru ta birnin, Saints, ta shigo haya. Sau uku aka buga Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwararrunsu, a harabar makarantar, 1970 da 1972 da 1975. Sai aka gina wa birnin sabon fili mai rufi, Superdome, a 1975. Saints ta kwashe, Sugar Bowl ta bi, har ƙungiyar jami'ar kanta ta bi su. Aka bar makaranta da tsohon ƙarfe mai tsatsa wanda ba ta iya cikawa, ba ta iya gyarawa. A ƙarshen 1979 aka fara rushe shi, a 1980 aka gama. Yau ɗakunan kwanan ɗalibai da wurin motsa jikinsu ne a wurin. Sai a 2014 Tulane ta sake gina fili a harabarta, na mutum dubu talatin, daidai wuyanta.

Na kawo maka wannan ne don ɗan haya ba ya dawwama, kuma an riga an sanar cewa filin da ake ginawa a Ƙiddiyya, mai sunan Yarima Muhammad bin Salman, shi zai zama gidan Al-Nassr da Al-Hilal. Ba na jin filinku zai bi sawun na Tulane nan kusa. Sabo ne, yana cikin filayen kofin Asiya na 2027, kuma tun da aka ba ƙasar nan kofin duniya na 2034 a Disamban 2024, shirin da ke kansa na faɗaɗawa ne zuwa kujeru wajen 46,000. Damuwata a nan take. Ƙanƙantarsa ce ta yi masa suna. In aka ninka shi, babbar ƙungiya kuma ta tashi, makaranta za ta wayi gari da riga ta biyu da ta fi ta farko girma. Wannan hasashe ne na mutumin da ya ga filaye sun mutu, masu zane da lissafi na iya samo dabarar da ta fi tawa.

Kai kuwa in taka leda kake so, je ka ofishin kula da harkokin ɗalibai ka tambayi filayen atisaye da gasar kwalejoji, ba za ka rasa inda za ka sa takalmi ba. In kallo ne, ka sayi tikiti tun da wuri ta waya, kada ka jira ranar. Cunkoson da ka ambata ya ɗan yi sauƙi tun da jirgin ƙasan cikin gari, metro, ya fara aiki a ƙarshen 2024: layin ja daga tashar jami'arku yake tashi, ya bi titin Sarki Abdullah, ya ƙare a filin Sarki Fahad, tsohon gida da sabo a bakin igiya ɗaya. Ka shiga kafin a take wasa da kamar minti arba'in, za ka tarar ana fesa ruwa na ƙarshe don ƙwallo ta yi gudu. Da an tafi hutun rabin lokaci kada ka bi layin shayi. Tsaya ka dubi mutanen da za su fito a jere da ƙarafa masu yatsu a hannu, suna bin inda takalmi ya ɓanɓaro ciyawa suna mayarwa suna dannawa da ƙafa, sun fi daɗewa a bakin raga. Irinmu ne. In ɗaya ya matso kusa da inda kake, gwada yi masa sannu da aiki da Hausa, ba mamaki ya ɗago kai.